Aikin Kammala Karatun Injiniya da Na'urori Masu Sarrafa Kansu

Karatun injiniya a jami'o'in Najeriya shekara 5 ne. Shekarun farko na lissafi ne da kimiyya da zane. A aji huɗu ɗalibi kan tafi koyon aiki na wata 6 a masana'anta ko ma'aikata, ƙarƙashin shirin SIWES wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. A aji biyar kuma sai a ɗora masa aikin da ɗalibai ke kira furojet: ya zaɓi wata matsala, ya tsara maganinta, ya ƙera shi da hannunsa, ya gwada, ya rubuta rahoto, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya yi. Rahoton kan zo cikin babi biyar, daga gabatarwa da bitar ayyukan da suka gabata zuwa hanyar aiki da sakamako da kammalawa. Akwai malami mai duba aikin tun daga farko, kuma a ƙarshe akan gayyato wani malami daga wata jami'a ya tantance.

Wannan tsari ba na Najeriya kaɗai ba ne. Ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ta sa suke amincewa da digirin injiniya na junansu, duk suna bukatar ɗalibi ya nuna zai iya tsara maganin matsala mai sarƙaƙiya kafin a yaye shi. Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a 2023 ta hannun COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya tun 1970.

Wanda ya leƙa sashen lantarki ko na kanikanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, zai tarar da yawa daga cikin ayyukan nan sun karkata ga abu guda: yadda za a sa na'ura ta yi da kanta aikin da mutum ke tsayawa yana gadi.

Yadda na'ura ke sarrafa kanta

Kowace irin wannan na'ura tana da sassa uku. Akwai mai ji, wato sansa, wadda ke auna zafi ko haske ko danshi ko tsayin ruwa. Akwai mai yanke hukunci, wadda ke kwatanta abin da aka auna da abin da ake so. Akwai kuma mai aikatawa, kamar makunni ko inji ko bawul. Bayan an aikata, sai sansa ta sake aunawa, a ga ko an kai inda ake so. Wannan zagaye na aunawa da gyarawa shi ne ruhin fannin baki ɗaya. Haka mai tuya take yi: ta duba mai, in ya yi zafi da yawa ta janye itace, in ya huce ta ƙara.

Dabarar ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A Bagadaza ta ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi a kan na'urori kusan 100, cikinsu har da tulunan da ke cika kansu ta hanyar bawul mai yawo a kan ruwa. A 1206 Al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, inda ya bayyana na'urori 50, har da agogunan ruwa da na'urar zuba ruwan wanke hannu. A 1788 James Watt ya sa wa injin tururi wata na'ura mai ƙwallaye biyu da ke rage tururi idan injin ya cika gudu.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne araha. A 2005 wasu malamai a garin Ivrea na ƙasar Italiya suka fito da Arduino, ƙaramin allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki, domin ɗaliban da ba su ƙware a lantarki ba su iya koya cikin sauƙi. Raspberry Pi ya biyo baya daga Ingila a 2012, kwamfuta sukutum a kan dala 35 a lokacin. A 2016 wani kamfanin Shanghai ya fito da ESP32, wanda ke iya haɗuwa da intanet ba tare da waya ba. Da waɗannan, abin da a da sai babban ɗakin gwaji, yanzu ɗalibi na haɗa shi a kan tebur a ɗakin kwanansa.

Tankin ruwa

Aikin tankin ruwa na cikin waɗanda suka fi yawan maimaituwa, kuma dalili a fili yake. A gidan da ke da rijiyar burtsatse, wani ne zai kunna inji idan an kawo wuta, kuma sau da yawa ba a tunawa da shi sai an ji ruwa na zuba daga sama. An yi asarar ruwa, an yi asarar wuta, katanga kuma tana shan danshi.

Ɗalibi kan ɗora sansa mai amfani da sauti a murfin tanki. Sansar tana aika ƙara mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarta ta dawo daga saman ruwa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Idan ruwa na ƙasa da murfi da mita 1, zuwa da dawowa mita 2 ke nan, wato kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. Daga wannan lokaci allon ke lissafa inda ruwa ya tsaya.

Zuwa nan komai mai sauƙi ne. Wahalar tana farawa ne da tambayar yaushe za a kunna, yaushe za a kashe. Idan aka sa iyaka ɗaya tak, to da zarar an ɗebi bokiti guda injin zai tashi, ya mutu, ya sake tashi, har ya ƙone. Don haka ake sa iyaka biyu masu tazara: ya tashi idan ruwa ya sauka ƙasa sosai, ya tsaya idan ya kusa baki. Sannan allon Arduino da bolt 5 yake aiki, kuma wutar da yake fitarwa ba ta wuce ta kunna ɗan ƙaramin ƙwan fitila ba, alhali injin jan ruwa na shan bolt 230. Dole a sa rile a tsakani, ƙaramar wuta ta ja makunnin babbar.

Har yanzu da saura. Rijiya kan ja baya a watan Afrilu, kuma injin da ya yi ta juyawa babu ruwa lalacewa yake yi, saboda haka na'urar na bukatar gane cewa inji na aiki amma tanki ba ya ƙaruwa, ta kashe shi. Wutar NEPA kan zo da rauni, kuma raunin wuta na ƙona inji, saboda haka sai an auna ƙarfinta kafin a kunna. Cikin baƙin tankin roba da rana zafi kan haura digiri 40, inda gudun sauti ke kaiwa wajen mita 355 a daƙiƙa, lissafin ya kauce da fiye da santimita 3 a kowace mita. Tururi kuma na taruwa a jikin sansar ya ci ta da tsatsa. Wani ɗalibin, bayan ya auna duk wannan, sai ya ga makunni mai yawo a kan ruwa, wanda ake sayarwa a shagon kayan famfo, ya fi sansar dacewa. Wannan ba gazawa ba ce. Zaɓen abu mai sauƙi bisa hujja shi ne aikin injiniya.

Wuta, ƙwai, gas da gona

Wani aikin mai farin jini shi ne na na'urar sauya layi tsakanin wutar NEPA da janareta. Idan an ɗauke wuta ta tayar da janareta, idan an dawo da ita ta mayar da gida kan layi ta kashe shi. Haɗarinta babba ne: in layukan biyu suka haɗu, janareta na iya ƙonewa, ko wutarsa ta bi waya ta kama ma'aikacin da ke kan turke yana gyara. Shi ya sa ake tsara makunnan biyu yadda ɗaya ba zai taɓa rufuwa ba sai ɗayan ya buɗe. Akan kuma sa jinkiri na ɗan lokaci, domin wuta kan zo ta ɗauke nan take.

Injin ƙyanƙyasar ƙwai na koyar da haƙuri. Ƙwan kaza na bukatar kwana 21 a zafin da ke kusa da digiri 37.5, da danshi daidai, da juyawa sau da yawa a yini har zuwa kwana na 18. A lokacin hunturu iska kan bushe ƙwarai, sai an ƙara ruwa a ciki. Injin da ba shi da batir ko sola zai iya rasa ƙwai duka a dare ɗaya na rashin wuta.

Na'urar gano yoyon gas ɗin girki tana da nata darasi: gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka sansar da aka maƙala kusa da rufi ba za ta ji shi da wuri ba. A noman rani kuma, irin na Kadawa da sauran fadamu, ɗalibai kan binne sansar danshi a ƙasa domin a ba shuka ruwa lokacin da take bukata kawai. Sansa mai arha, mai ƙarfe tsirara, kan lalace cikin ɗan lokaci a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ƙasar yashi da ta laka ba awo ɗaya suke bayarwa ba.

Bayan ranar kare aiki

Yawancin waɗannan na'urori suna aiki ranar da aka nuna wa malamai, daga nan sai su koma kan kanta ƙura ta rufe su. Dalilan sanannu ne. Ɗalibi da kuɗin aljihunsa yake sayen kaya, don haka samfuri ɗaya yake iya haɗawa. Lokaci gajere ne, kuma da ya gama sai hidimar ƙasa. Wasu kan kwafi aikin da aka yi bara, wasu ma su biya mai gyaran lantarki ya haɗa musu. Babban dalili kuwa shi ne an ƙera abin ba tare da an zauna da mai matsalar ba.

Akwai misalin da ke nuna bambancin. A wajen 2010 wasu ɗaliban ajin ƙarshe a Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka suka tsara na'urar taimaka wa jariran da aka haifa bakwaini yin numfashi, suka yi amfani da famfon iska irin na akwatin kiwon kifi domin rage tsada. Abin da ya raya aikin shi ne haɗin gwiwa da likitoci da ma'aikatan jinya na Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, waɗanda suka gwada, suka faɗi abin da bai yi ba, aka yi ta gyarawa shekara da shekaru. Na'urar, mai suna Pumani, ta kai ga shiga asibitocin gwamnati a faɗin Malawi. Ɗaliban farko sun gama sun tafi, amma jami'ar ta riƙe aikin, na baya suka ɗora daga inda aka tsaya.

Babu abin da zai hana a yi haka a nan. Sashe na iya ɗaukar matsala guda, kamar ban ruwan tumatir ko ƙyanƙyasar ƙwai, ya bi ta shekara da shekara, kowane aji ya gyara kuskuren na gabansa. Mai kiwon kaji ko shugaban ƙungiyar manoma na iya kai kokensa jami'a, ya ba da wurin gwaji. Ɗalibin da ke shirin shiga aji biyar kuwa, kafin ya sayi ko waya ɗaya, ya je wurin wanda zai yi amfani da na'urar, ya ga yadda yake aikinsa, ya tambaye shi nawa zai iya biya, kuma wa zai gyara masa in ta lalace. Na'urar da ta yi wata uku tana aiki a gidan wani, cikin zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, ta fi wadda ta burge malamai na minti goma daraja.