Ruwan Jos Ba Ya Jiran Digiri 100

A birnin Jos ruwa kan tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, iskar can ba ta danne ruwa da nauyi irin na Legas, saboda haka tukunya kan fara ɓararraka ma'aunin zafi yana wajen digiri 96. A Kano, wadda ba ta kai Jos tudu ba, abin kan tsaya tsakanin 98 da 99. Kusan duk mita 300 da aka hau, digiri ɗaya ne ke raguwa.

To, a ce ga ɗalibar sakandare a Jos, an ba ta ma'aunin zafi da ruwa a kan wuta, an ce ta rubuta inda ya tafasa. Littafi ya ce 100, ma'auni ya ce 96. Duk malamin da ya daɗe a ɗakin gwaji ya san abin da yara da yawa za su yi: 100 za su rubuta, masu wayo kuma su sa 99.5 don kada a gane. Yarinyar ta yi awo mai kyau, idonta ya gane mata gaskiya, amma tsoron jan biro ya sa ta binne ta. Da 96 ta rubuta, ta kuma tambayi dalili, da ranar ta koyi abin da ya fi darasin da aka shirya mata.

Babbar cutar firaktikal a makarantu ke nan, kuma ta fi rashin kayan aiki illa. Yaro ya ɗauka an aike shi ne ya ɗauko wata amsa da aka riga aka ajiye, alhali abin da ake so ya koya shi ne yadda ake awo, da kuma yadda mutum ke sanin iyakar amincin awon da ya yi.

Tambayoyi biyu ake yi wa kowane awo, ɗalibai kuwa sun cika haɗa su su mai da su ɗaya. Ta farko: in an maimaita, sakamakon yana faɗawa wuri guda? Wannan ita ce jituwa. Ta biyu: wurin da yake faɗawa, nan ne gaskiyar take? Wannan shi ne sahihanci. Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san mudun da aka bubbuge wa gindi. Sau goma za a auna da shi, sau goma zai ba da abu ɗaya, ba ƙari ba ragi, kuma sau goma an tauye mai saye. Jituwarsa ba ta da makusa, sahihanci ne babu.

Gwajin lilo, wanda kusan kowane ɗalibin fiziks ya sani, yana nuna bambancin ƙarara. Ana rataye ɗan dunƙulen ƙarfe da zare, a kaɗa shi, a auna lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo, daga nan a lissafa ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, wanda littattafai ke rubutawa 9.8. Zare mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin kimanin sakan biyu. Matsalar tana ga yatsa. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna agogo akwai jinkirin da kan kai sakan 0.2, wani lokaci a yi gaggawa, wani lokaci a makara. In zagaye ɗaya tak aka auna, kuskuren ya kai kashi 10 cikin ɗari, kuma da yake a lissafin ana ninka lokacin da kansa, sai ya ruɓanya: amsa za ta iya fitowa 8, za ta iya fitowa 12. Dalilin da ya sa malami ke cewa a ƙirga zagaye 20 ke nan. Jinkirin yatsan yana nan yadda yake, amma yanzu a kan sakan 40 ya faɗa, ya koma rabin kashi ɗaya cikin ɗari, amsar kuma ta matse tsakanin 9.7 da 9.9. Irin wannan kuskure na tsautsayi, mai karkata dama yau hagu gobe, maimaitawa da ɗaukar matsakaici ne maganinsa.

Akwai kuma wanda maimaitawa ba ta taɓa shi. Tsawon lilo daga inda aka rataye shi ake auna shi zuwa tsakiyar dunƙulen ƙarfen. Ɗalibin da ya tsaya a inda zare ya ƙare ya zubar da kamar santimita ɗaya. A zare mai santimita 50, kashi 2 cikin ɗari ke nan, amsarsa za ta riƙa fitowa wajen 9.6. Ko kwana ya yi yana kaɗa lilon, 9.6 zai yi ta samu, kuma kowace maimaitawa ƙara masa sakankancewa take yi a kan abin da ba daidai ba. Wannan zaunannen kuskure ne. Yana iya zama a rular da bakinta ya cinye, ko sikelin da allurarsa ba ta komawa kan sifiri, ko idon da ya saba karanta ma'auni a karkace.

Kalkuleta ma tana da nata ruɗin. Yaro ya auna da rular katako da agogon hannu, ya danna lissafi, na'ura ta zubo masa 9.7834521, ya kwafe duka yana jin ya burge. Kayan aikinsa ba su san komai ba bayan lamba ta biyu ko ta uku, sauran duk ƙawa ce. Wanda ya rubuta 9.8, ya ƙara da cewa abin zai iya hawa ko sauka da 0.1, ya fi shi faɗin gaskiya. Shi kansa ƙarfin jan ƙasar ba ɗaya ba ne ko'ina: a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya wajen 9.78 yake, a can ƙuryar arewa da ta kudu kuwa ya kai 9.83.

A ɗakin kemistiri labarin bai sauya ba. Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO sun san taitireshan: a ɗiga asid daga biyuret cikin alkali har launi ya juya, a maimaita, a ɗauki matsakaicin sakamakon da suka jitu, waɗanda tazararsu ba ta wuce mililita 0.20 ba. Ƙa'ida ce mai kyau, amma jituwa kaɗai take aunawa. Ɗalibin da ya saba hura ɗigon ƙarshe na fifet, wanda aka ƙera shi don ya rage a ciki, zai samu lambobi uku masu kyan gani, dukansu sun zarce. Ƙwayoyin sodiyam haidiroksaid, da ake haɗa alkalin da su, kuma suna tsotsar laima daga iska, musamman da damina. In an bar kwalbar a buɗe kafin a auna, ruwan da aka haɗa ba zai kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ba, aji guda ya jitu a kan kuskure ɗaya, har da malamin. Mafi muni shi ne yaron da ya yi gwajin sau ɗaya ya ƙirƙiro sauran biyun daga kansa. Wannan ya wuce kuskure, ya zama shaidar zur, ko da kuwa lambar da ya ƙirƙira ta dace.

Kada a ɗauka yara kaɗai abin ke kamawa. A watan Afrilun 1990 Amurka ta harba na'urar hangen taurari ta Hubble, mai madubin da faɗinsa ya kai mita 2.4, wanda aka goge shi da ƙwarewar da ba a cika ganin irinta ba. Hotunan farko suka dawo dishi-dishi. Bincike ya gano cewa na'urar da aka yi ta duba siffar madubin da ita an ɗaura wani gilashinta a goce da milimita 1.3, aka goge madubin tsaf a kan siffar da ba ita ba. Gocewar a bakin madubin ba ta fi kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi ba, amma ta isa. Abin takaicin shi ne wasu na'urorin gwaji biyu sun nuna akwai matsala tun madubin yana ƙasa, aka yi watsi da su saboda an fi amincewa da waccan. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara.

Lord Rayleigh na Ingila akasin haka ya yi. A 1892 ya lura cewa iskar naitirojin da ya tace daga iskar da muke shaƙa ta ɗan fi wadda ya samo daga sinadarai nauyi. Da ya tsananta awo, bambancin ya tsaya a kusan kashi ɗaya cikin 200, abin da mai gaggawa zai share da matsakaici ya wuce. Shi kuwa ya san sikelinsa, ya san kuskurensa bai kai haka ba, sai ya ƙi sakin zancen. A 1894 shi da William Ramsay suka gano cewa wata iska ce da ba a sani ba take ɓoye a ciki, wato agon, wadda ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya. Dukansu biyu sun karɓi kyautar Nobel a 1904.

Labarin da ya fi kusa da ɗalibanmu daga Tanzaniya ya fito. A 1963 Erasto Mpemba yana ɗan sakandare a Magamba, yara suna haɗa askirim da dafaffiyar madara da sukari. Ganin gurbi zai ƙare a firji, sai ya tura tasa da zafinta bai jira ta huce ba. Da ya dawo ya tarar tasa ta daskare, ta abokinsa da aka sa da sanyi ba ta daskare ba. Malaminsa ya ce ruɗewa ya yi. An yi ta yi wa Mpemba dariya a kan maganar, amma bai janye ba. Bayan ya koma makarantar Mkwawa a Iringa, wani malamin jami'a daga Darussalam, Denis Osborne, ya kawo ziyara, Mpemba ya tashi a gaban jama'a ya yi masa tambayar. Osborne bai yi dariya ba, ya koma ya sa aka gwada, a 1969 suka wallafa sakamakon da sunayensu biyu. Har yau masana suna kiran abin da sunan Mpemba.

Sai dai labarin yana da ci gaba, kuma ci gaban ya fi farkon amfani ga mai koyon gwaji. A 2016 Henry Burridge da Paul Linden a Ingila suka sake gwajin cikin tsantseni, ba su ga ruwan zafi ya riga na sanyi hucewa ba. Abin da suka gano shi ne in aka gusar da ma'aunin zafi da santimita ɗaya kacal a cikin kofin, sakamakon kan iya nuna kamar hakan ta faru. Ga kuma tarin abubuwan da ke sauyawa tare: ruwan zafi yana raguwa ta hanyar tururi, kofi mai zafi yana narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa ya zauna daram a kan ƙarfen firji, madara mai sukari kuma ba ruwa zalla ba ce. Muhawarar ba ta mutu ba har yanzu. Mpemba ya yi daidai da ya riƙe abin da ya gani, malamin da ya yi watsi da maganarsa ya yi kuskure. Amma gani ɗaya tambaya yake haifarwa. Kafin ya zama hujja sai an daidaita komai an bar abu ɗaya tak yana sauyawa, an maimaita, wani ma a wani wuri ya gwada ya samu.

Gaskiya ne makarantu da yawa ba su da wadatattun kayan gwaji, wasu ɗaliban ma sai jarrabawa ta ƙarato suke fara taɓa biyuret. Wannan hakki ne a wuyan hukumomin ilimi, kuma bai kamata a daina faɗa ba. Amma yawancin abin da aka zayyana a nan ba ya cin kuɗi. Zare da ƙaramin kwaɗon ƙofa da agogon waya sun isa gwajin lilo. Kofin ƙanƙara mai narkewa ya isa a gane ma'aunin zafin da ke ƙarya, domin lafiyayye sifiri zai nuna. In aji yana da rula biyar, a jera su a ga ko sun yarda da juna. In rukuni goma suka yi gwaji ɗaya, a rubuta sakamakon goman a allo, har da wanda ya fanɗare, a tambayi yara: me ya sa suka bambanta, wanne za mu yarda da shi, da wace hujja? Rabin sa'ar da za a yi ana wannan gardama ta fi mako guda na kwafar tebur daga allo.

Sauran aikin yana ga jan biron malami. Muddin lambar littafi ce kaɗai ke cin maki, yara za su ci gaba da kawo ta ko ta halin ƙaƙa. Malamai su ware maki ga wanda ya rubuta abin da ya karanta a ma'auni nan take, da biro, ba tare da gogewa ba, da wanda ya faɗi girman kuskuren da yake zato, da wanda ya samu 9.3 ya kuma iya nuna inda ya yi zargin abin ya goce. Yaran nan su ne gobe za su auna jinin majinyata a asibiti, su haɗa magani, su gwada ƙarfin kankaren gada. A ba su maki a kan gaskiyar awonsu tun suna aji huɗu na sakandare.