Labarin Motar Tsere Da Aka Sake Wa Inji, Da Abin Lura Da Ke Cikinsa

 Maganar yau a kan mota ta ke, irin ƙaramar nan mai kujera biyu wadda Turawa ke ƙerawa don gudu da tsere, da abin da kan same ta idan an cire injinta na asali an ɗora mata wanda ya fi shi ƙarfi. Mas'alar ta shafi dukiya, ta kuma shafi rai. Gama mutum ya kan sayi inji ya ce ya gama kashe kuɗi, ashe yanzu ya fara. Ya kan kuma hau hanya yana murnar gudu, alhali kuwa ƙarfen da ke riƙe da ƙafar bayansa ya kusa rabuwa biyu. Misalinsa kamar mai rijiya ne da ya sake guga ya sa babba, amma ya bar tsohuwar igiya. Hausawa kuwa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Fasali na farko: asalin labari

A ƙasar Ingila, kusa da Landan, an yi wani kamfani mai suna AC, wanda a 1953 ya fara ƙera wata 'yar mota marar nauyi ana ce da ita Ace. Da yawa daga cikinsu injin kamfanin Bristol a ke sa musu, mai silinda 6, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki 120 da 'yan kai ba. A 1961 Bristol suka daina yin wannan inji, AC suka shiga neman wani injin da zai maye gurbinsa.

A Amurka kuwa akwai wani mutumin Tekzas, Carroll Shelby, direban tsere, wanda ya ci babban tseren Le Mans na Faransa a 1959, sa'an nan ciwon zuciya ya tilasta masa barin tuƙin tsere a 1960. Da ya ji halin da AC ke ciki, sai ya rubuta musu takarda a 1961, ya ce su gyara masa gangar motarsu ta karɓi injin Amurka mai silinda 8. Suka yarda. Kamfanin Ford ya ba da injin. Cikin Fabrairu 1962 aka ɗauko ganga ta farko a jirgin sama zuwa Los Anjalas, aka ɗora mata inji, aka raɗa mata suna Cobra, watau gamsheƙa. Mota mai nauyin kimanin tan ɗaya ta sami ƙarfi ninki biyu na abin da aka gina ta a kai. Injin da aka sa wa na baya, wanda a ke kira 289, ƙarfin doki 271 gare shi.

Fasali na biyu: yadda aksul ya ba da kunya

Ya kamata mai karatu ya san hanyar da ƙarfi ke bi. Daga inji ya kan shiga akwatin giya, daga nan ya bi furofela, watau doguwar sandar ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, har ya isa aksul. Aksul kuwa tukunya ce ta ƙarfe mai haƙora a ciki, aikinta ta karɓi juyin nan ta raba shi ga ƙafafun baya biyu, ta kuma bar ta waje ta fi ta ciki juyi in an sha kwana. Daga tukunyar gajerun sanduna biyu ke fita, kowace ta ƙare a cibiyar da a ke ɗaure ƙafa. Duk ƙarfin da inji ya haifa sai ya ratsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi rauni a cikinsu kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin motar duka.

Mutanen AC ba su jahilci wannan ba. Tun farko sun cire tsohuwar tukunya sun sa ta Salisbury, irin wadda a ke sa wa Jaguar. Amma ƙarfafa wuri guda ba ya kawar da illa, sai dai ya kora ta gaba. Cikin Oktoba 1962 aka shigar da Cobra tserenta na farko a filin Riverside na Kalifoniya, Bill Krause na tuƙi. Ta wuce kowa ta ba da rata mai nisa, jama'a na ta mamaki, sai cibiyar ƙafar baya ta karye. Tsere ya ƙare mata a nan, wata Corvette ta kamfanin Chevrolet ta ci.

Sababin karyewar ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfe ya kan gaji. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke a hannunsa ya san wannan. Kowane tashi da ƙarfi yana murɗa cibiya, kowace kwana tana danna ta ta gefe, ƙaramar tsaga ta fara inda ido ba ya gani, ta yi ta ci har ranar da za ta gama. Babban makanikin Shelby, Phil Remington, ya ƙera sababbin cibiyoyi masu ƙarfi. Farkon 1963 aka koma Riverside, Dave MacDonald ya zo na ɗaya, Ken Miles na biyu, dukansu a Cobra.

Duk da haka illar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Cikin Fabrairu 1964, a tseren Daytona mai tsawon kilomita 2,000, wata Cobra mai rufi tana kan gaba sai tukunyar aksul ta ɗau zafi ƙwarai. Aka tsaya wurin gyara da shan mai, wuta ta kama, makanikin da ke ƙarƙashinta ya ƙone, tseren ya kuɓuce, Ferrari ta ci. Da aka magance zafin, wata guda bayan nan ta ci ajinta a Sebring, a 1965 kuma Shelby ya ɗauki kambin duniya na wannan aji. Sa'ad da suka so ɗora inji mafi girma, wanda a ke kira 427, tsohuwar ganga ba ta wadatar ba. Sabuwa suka gina, bututun ƙashinta mai kaurin inci 4 maimakon 3, da sababbin sifirin. Wannan shi ne karatun da shekara uku ta koya musu.

Fasali na uku: alamomin ciwon aksul

Ruwa ba ya tsami banza, ƙara kuwa ba ta tashi a mota ba dalili. Gwanin makaniki ya kan saurara kafin ya ɗauki sifana, domin kowace illa da muryarta.

Idan kuka ne siriri daga baya, mai tashi in an taka totur ya lafa in an saki, ko kuwa akasin haka, to haƙoran tukunya ne ba su zauna daidai ba, ko sun ci. Idan gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sake murya in an karkata sitiyari dama ko hagu, to boris ɗin ƙafa ne. Idan ƙas-ƙas ce a kwana, gaɓar sandar ƙafa ce ta lalace. Idan kuwa bugu ne guda a lokacin tashi ko sake giya, to akwai sako-sako a gaɓar furofela, ko robar da ke riƙe da tukunya ta mutu. Man aksul ma shaida ne. In an zuba shi a farin kwano aka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, ko yana warin ƙuna, magana ta ƙare.

Akwai kuma illa biyu da suka keɓanta da motar da aka sake wa inji. Ta farko, sabon inji da giyarsa ba safai su kan zauna daidai inda na da suka zauna ba. In furofela ta karkace fiye da kima, ko karkatar gabanta ba ta yi daidai da ta bayanta ba, mota ta kan yi rawar ɗari a wani gudu ayyananne, gaɓoɓi su riƙa mutuwa da wuri. Ta biyu, tsawon sandar ƙafa. Ƙafa tana hawa tana sauka bisa ga hanya, saboda haka dole a bar wa sanda wurin miƙewa da takurewa. In ta yi tsawo sai ta tokare ta fasa, in ta gaza sai ta zare. Wanda ya sayi sanda sau uku tana karyewa, ya daina zargin mai shago, ya ɗauko ma'auni.

Fasali na huɗu: mas'alar wuta

A zamanin Cobra wutar mota abu ne mai sauƙi: batir, dainamo, kwayil, fulogi, da 'yan wayoyi. Duk da haka sai da aka sake ta. Na farkon sun zo da kayan wuta na Lucas da agogon Smiths na Ingila, daga baya aka koma wayarin irin na Ford, da altaneto, da agogon Stewart-Warner na Amurka.

Yau al'amarin ya fi haka zurfi, gama injin zamani ba ya tashi sai da izinin wata ƙaramar kwamfuta, wadda a ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke auna mai, ita ke ba da wuta, bisa ga labarin da ƙananan na'urori masu ji, watau sansa, ke kawo mata. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Birki na da tasa, giya na da tata, agogon gaban direba na da tasa, duka suna zance da juna ta kan tagwayen wayoyi, bisa tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana a 1986, ana ce masa CAN. To, wanda ya ɗauko injin wata mota ya sa a wata, kamar ya kawo baƙon da ba ya jin harshen gida ne. Ya kan tarar inji na juyawa ya ƙi kamawa, domin ƙwaƙwalwarsa na jiran shaidar mabuɗinta na asali, wanda aka sa don tsaron ɓarayi, ba ta kuwa samu ba.

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da mai sauƙi, a kuma taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Batir mai lafiya a zaune ya kan nuna kimanin bolt 12.6 a mita, in inji na aiki kuwa wajen 14. Sa'an nan a duba hanyar komawar wuta. Wuta ta kan fita ta waya, amma ta jikin ƙarfen mota ta ke komawa batir, inji kuwa a kan roba ya ke zaune, shi ya sa a ke ɗaura masa kakkaurar waya zuwa ganga. Sau da yawa wannan waya ce a ke mantawa bayan sauyin inji, ko a ɗaura ta a kan fenti ko tsatsa. Sai fitilu su yi ta ƙyaftawa, allurai su yi ta rawa, a yi ta sayen sansa ba laifinsu.

Bayan wannan a tambayi ƙwaƙwalwa da kanta. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da a ke sayarwa a Amurka wata kafa mai rami 16, inda a ke soka na'ura ta karanta ƙorafin mota. Amma ƙorafi ba hukunci ba ne. In ta ce sansa kaza bai yi magana ba, mai yiwuwa waya ce ta tsinke a hanya. Tagwayen wayoyin nan ma ana gwada su: in an cire batir aka auna tsakaninsu, om 60 ya kamata a gani. In aka ga 120, gefe guda ya yanke. In aka ga kusan sifili, sun haɗe.

Ga kuma wani lissafi mai daɗi. Agogon da ke nuna juyin inji, in na tsohon yayi ne, bugun wuta ya ke ƙirgawa. Inji mai silinda 6 na bugu uku a kowane juyi, mai 8 na bugu huɗu. Saboda haka agogon da aka yi don mai 6, in an haɗa shi da mai 8, inji na juyi 3,000 shi yana nuna 4,000. Agogon bai yi ƙarya ba, tambayar da aka koya masa ya amsa.

Fasali na biyar: inda biyun suka gamu

Abin da ya fi rikita kanikawa shi ne illar da asalinta ƙarfe ne amma ta fito da fuskar wuta. A motocin zamani akwai wani zobe mai haƙora a jikin sandar ƙafa ko cibiya, sansa na ƙirga haƙoransa don a san gudun kowace ƙafa. In an sa aksul mai ƙarfi daga wata mota, adadin haƙoran zobensa ya saɓa da na da, sai ƙwaƙwalwar birki ta zaci ƙafafun baya na sulɓi, ta kunna fitilar gargaɗi, ko a rage wa inji ƙarfi a tsakiyar hanya. Haka nan in an sake girman haƙoran tukunya, agogon gudu da ke ɗaukar labari daga giya ya kan saɓa. Mai gyaran wuta ya kwana uku yana bin waya, alhali kuwa maganin na wajen mai gyaran aksul. Dole su biyun su zauna tabarma ɗaya.

Kammalawa

Darasin nan bai tsaya ga masu tsere ba. Duk attajirin da ya taɓa sayen inji na hannu don motarsa ta kasuwa ya shiga wannan mas'ala, ko da kaɗan ne. Kafin ya biya, ya nemi injin tare da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da mabuɗinsa, daga mota guda. Ya tambayi makaniki ko giya da aksul da birki da lagireto za su ɗauki sabon ƙarfi, ya sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko, gama araha ba ta ado. In an gama aiki kada a yi lodi a kama doguwar hanya, sai an zazzaga kusa da gida, an saurara, an taɓa, an sake ɗaure notuna.

Shelby ya rasu a 2012, sunan motarsa bai ɓace ba. Masu ba da labarinta sun fi ambaton injin, amma ba ta ci tsere ko ɗaya ba sai bayan da aka ƙera mata cibiyar ƙafa mai ɗaukarsa.