Orangi: Unguwar da Ta Gina Magudanarta Lungu-Lungu

Orangi unguwa ce a arewa maso yammacin Karachi, birni mafi girma a Pakistan, kuma ana ƙiyasta mazaunanta sun haura miliyan 2. An fara zama a wurin tun wajen 1965, amma ta cika ta batse ne bayan 1971, lokacin da ɗimbin iyalai suka taso daga Gabashin Pakistan, wadda ta zama Bangladesh. Mafi yawan filayenta awon igiya ne: dillalai suka yanka ƙasar gwamnati suka sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, kowa ya sayi bulo ya tayar da ɗakinsa. Da yake ba a kan tsarin hukuma aka yi ginin ba, hukumar birnin ba ta ɗauki unguwar a matsayin nauyin da ke wuyanta ba.

Babu abin da ya addabi mutanen kamar ƙazanta. Wasu gidaje bokiti suke ajiyewa a masai, masu kwasa su zo bayan 'yan kwanaki, sau da yawa kuma a bakin lungu ake juyewa. Masu ɗan hali sun haƙa salga, amma ba ta daɗewa take cika. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya kwanta a ƙofar gidaje yana cin gindin katanga. Gudawa da taifot da zazzaɓin cizon sauro suka zama ruwan dare, kuɗin magani ya riƙa cinye abin da magidanci ya samo, maƙwabta kuma kullum cikin cacar baki a kan kwatar wa ta gangaro ƙofar wa.

A 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya kafa shirin Orangi Pilot Project, wanda aka fi sani da OPP, da tallafin gidauniyar bankin BCCI. Dattijo ne da ya haura shekara 60 a lokacin, kuma ya riga ya yi suna a aikin raya karkara a Comilla, cikin Gabashin Pakistan. Bai zo da taswirar aiki a aljihu ba. Watanni ya kwashe yana zaga lunguna a ƙafa, yana zama da magina da kansiloli da matan gida yana sauraro. Abin da ya gano shi ne mutanen ba malalata ba ne, domin su suka gina gidajensu ba tare da kwabon kowa ba. Abin da ya ɗaure musu hannu shi ne sun sakankance cewa magudana aikin gwamnati ne, kuma wata rana za ta zo ta yi musu kyauta, kamar yadda 'yan siyasa ke alkawari duk kakar zaɓe. Ga tsadar da 'yan kwangila ke yankawa, ga rashin sanin yadda ake auna gangare, ga kuma rashin wata inuwa da za ta haɗa su su yi aiki tare.

Maganar tsada aka fara tunkara. Ma'aikatan shirin, tare da masanin zanen gine-gine Arif Hasan wanda ya zama babban mai ba su shawara, suka bi kuɗin aikin gwamnati dalla-dalla, suka tarar kaso mai tsoka yana tafiya ne a ribar ɗan kwangila da cin hanci da ƙa'idojin gini da suka wuce bukatar ƙaramin lungu. Lungun da babbar mota ba ta shiga, ba ya bukatar a binne bututunsa da zurfi sosai. Aka sauƙaƙa zanen ramukan duba bututu, aka ƙera ƙarafen zuba kankare da za a riƙa ba mutane aro, aka sa ɗan ƙaramin rami tsakanin masai da bututun lungu domin ya tare abin da zai toshe hanya. Da haka kuɗin gida guda, haɗe da masai na zamani da rabonsa na bututun lungu, ya sauko zuwa kimanin rupi 1,000, abin da bai kai rubu'in farashin hukuma ba.

Hikimar da ta fi kowace a wannan aiki ita ce zaɓen lungu a matsayin tushen tsari. Lungu guda a Orangi gida 20 zuwa 40 ne. Kowa ya san kowa, an san mai riƙon amana, an san mai taurin bashi. Jami'in shirin yakan tara mutanen lungu ya yi musu bayani. Idan sun amince, sai su zaɓi shugaba daga cikinsu, shi ne zai nemi taimako a madadinsu. Ma'aikata su zo su yi awo, su zana taswira, su lissafa bututu da siminti da ladan magini, su miƙa takardar. Daga nan sauran aiki na masu lungu ne: su yi karo-karo, su sayi kaya, su haƙa da hannunsu ko su ɗauki lebura. OPP ba ta taɓa kuɗin jama'a, ba ta kuma ba da ko sisi na gini. Wannan ƙa'ida ta toshe ƙofar zargi, ta kuma sa kowane lungu ya ɗauki bututun a matsayin dukiyarsa. Mata sun taka rawa babba, don su ne ke wuni da warin da jinyar yara. Da yawa su suka matsa wa mazajensu, wasu ma daga kuɗin cefane suka tara rabon gidansu.

Farawa ta yi wuya, amma da lungunan farko suka bushe, yara suka sami wurin wasa, maƙwabta suka gani da idonsu, sai buƙatu suka yi ta shigowa. Cikin kimanin shekara 20 fiye da gidaje 90,000 sun haɗa kansu da magudanar ƙarƙashin ƙasa da kuɗinsu. Mace-macen jarirai ya ragu ƙwarai, ko da yake shirin rigakafi da koyar da mata tsafta da aka ƙara daga baya na da nasa kason a wannan nasara. Mutanen da suka saba tara kuɗi su yi lissafi a bainar jama'a sun ci gaba da haɗa kai wajen shimfiɗa lunguna da gyaran makarantu. OPP ma ta faɗaɗa zuwa ba da ƙananan rance ga masu sana'ar gida da inganta bulon da ake bugawa a unguwar, har a 1988 aka raba ta zuwa cibiyoyi masu cin gashin kansu.

Sai dai lungu yana da iyaka. Talakawa za su iya gina masai da bututun lungu da wanda ke tattara na lunguna da yawa, amma babbar magudana da matatar ƙazanta sun fi ƙarfinsu. A nan aka shata layi: na ciki na jama'a, na waje na gwamnati. Wannan rabon aiki shi ne ainihin abin da Orangi ta koya wa duniya, kuma ba sauke wa hukuma nauyi ba ne, nuna mata ne daidai inda ya kamata kuɗinta ya tafi. Shirin ya tanadar wa kansiloli taswirar mazaɓunsu, ta yadda ɗan kason da hukumar birni ke ba su zai tafi kan bututun da ke haɗa lunguna maimakon buɗaɗɗen lambatu. Da aka sauya tsarin ƙananan hukumomi a 2001, Orangi ta zama gari mai gundumomi 13, kuma zaɓaɓɓun shugabannin sun ci moriyar waɗannan taswirori. Taswirorin sun yi tasiri har sama: a 1999 gwamnatin lardin Sindh ta soke rancen dala miliyan 70 daga Bankin Raya Asiya na aikin magudanar Korangi, wata unguwa daban a Karachi, bayan an nuna cewa gyara kwazazzaban da ƙazantar birni ke bi tun asali zai fi arha nesa ba kusa ba. A 2006 manufar tsaftar muhalli ta ƙasar Pakistan ta rungumi tsarin rabon aikin, an kuma gwada shi a garuruwa irin su Faisalabad da Lodhran.

Zana taswira a birnin da fili ke da tsada aiki ne mai haɗari. Perween Rahman, wadda ta shiga shirin a farkon shekarun 1980 ta kuma gaji jagorancinsa, ta tattara bayanan tsofaffin ƙauyukan gefen Karachi domin mazaunansu su sami takardun mallaka, ta kuma fallasa masu satar ruwan famfo suna sayarwa a tanka. Ranar 13 ga Maris, 2013, 'yan bindiga suka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis. Abokan aikinta sun ci gaba.

Ɓangaren gwamnati ne har yanzu ke tafiyar hawainiya. Mafi yawan ƙazantar Karachi tana kwarara cikin Tekun Larabawa ba tare da an tace ta ba, kuma ƙarancin ruwan sha bai bar Orangi ba. Bayan ambaliyar Agustan 2020, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin faɗaɗa manyan kwazazzaban birnin, har da na Orangi, kuma a 2021 aka rushe dubban gidajen da ke bakinsu, iyalai da dama suka rasa matsuguni kafin a tanadar musu wani.