Yadda jikin yaro yake tsimi idan abinci ya gaza

Zuwa ga iyaye mata da ƴan sa-kai masu faɗakarwa a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji.

Kun san abin da mai gida yake yi idan hatsi ya yi ƙasa a rumbu alhali kaka tana da nisa. Yakan rage awo, ya jingine aikin da ba na dole ba, ya aika a nemo ƙari, in tura ta kai bango ya sayar da akuya. Jikin yaro ma yana da irin wannan dabara, kuma saninta zai bayyana muku dalilin da ya sa tamowa take daɗewa a ɓoye kafin ido ya gan ta.

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikinsu akwai rubutun gado da yaro ya samu daga uwa da uba, wanda ya ƙunshi umarni kusan 20,000. Ɗaya daga cikinsu masana suna kiransa ATF4. Ba cuta ba ne, kowane mutum yana da shi. Daga wannan umarni ƙwaya take ƙera wani sinadari mai suna iri ɗaya, wanda aikinsa shi ne buɗe waɗansu umarnin idan ƙwaya ta shiga matsi.

Domin tsoka da jini da ƙwaƙwalwa su ginu, jiki yana buƙatar tubala iri 20 da ake kira amino asid. Guda 9 daga cikinsu jiki ba ya iya yin su, dole sai daga abinci. Idan ko da ɗaya ya yi ƙaranci, wani mai gadi a cikin ƙwaya, mai suna GCN2, yakan gane. Nan take sai ƙwaya ta sassauta yawancin aikin gini, ta ƙara yawan ATF4. Shi kuma sai ya ba da umarni a buɗe ƙofofin jawo tubali daga jini, a ƙera waɗanda za a iya ƙerawa, a kuma narka tsofaffin kayan cikin ƙwaya a sake amfani da su. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a ƙwayoyin da suke zama jini, da shigar waɗansu cututtuka, su ma suna tayar da wannan hanya.

Wannan tsimi yana ceton rai, amma na ɗan lokaci ne. Yaron da jikinsa ya rage gini ba ya girma yadda ya kamata. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa ATF4 yana da hannu a zubewar tsoka lokacin yunwa. Idan kuma matsin ya daɗe ba sauƙi, hanyar da ta kare ƙwaya takan kai ta ga mutuwa. Saboda haka yaro yana iya yin makonni yana wasa, cikinsa cike da kunu, alhali jikinsa yana cin kansa. A yankinmu haɗarin ya fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu yake ƙarewa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suke ƙaruwa.

Hatsi abinci ne mai kyau, sai dai yana da ƙarancin tubali ɗaya mai suna lisin. Wake kuwa yana da shi da yawa. Kunun hatsi zalla, musamman mai ruwa-ruwa, yana cika ciki ne kawai ya bar ƙwayoyin jiki cikin tsimi. Ga abin da ya kamata ku yi:

1. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a haɗawa. A ci gaba da shayarwa har shekara 2.

2. Daga wata 6, a dama kunu mai kauri, a zuba garin wake da aka soya aka niƙa, da ƙuli-ƙuli ko ɗan mai. Idan hali ya yi, a ƙara ƙwai, nono, garin busasshen kifi, nama ko hanta, da ganyen zogale.

3. Yaro marar lafiya yana buƙatar abinci ko da ba ya sha'awa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ƙara masa bayan ya warke.

4. A auna damtsen duk yaro mai wata 6 zuwa 59 da igiyar awo mai launi, a tsakiyar hannun hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a kai shi likita a ranar. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, ita ma a kai shi. Kore, a ci gaba da lura.

5. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna a duka biyun, a garzaya da shi likita ko da awon ya nuna kore.

Jikin da ya daɗe yana tsimi ba ya komawa aiki a rana ɗaya. Shi ya sa yaron da aka kwantar a sashen tamowa na asibiti ake fara ba shi madara ta musamman mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, kafin a ƙara masa abinci. Kada uwa ta ɗauka rowa ake yi wa ɗanta. Shi kuma Plumpy'Nut, wanda kuka sani da biskit, magani ne da aka auna daidai da nauyin yaron da aka rubuta wa. Raba shi da ƴan uwansa yana tsawaita jinyarsa, sayar da shi kuwa yana iya jawo asarar ransa.

Ku ƴan sa-kai, ku koya wa kowace uwa riƙe igiyar awo da hannunta, ku kuma bi sawun duk yaron da ya daina zuwa karɓar magani. Babu wani magani na kasuwa da yake gyara ATF4, domin bai lalace ba. Idan tubalan sun dawo ta hanyar abinci, ƙwayoyin jiki sukan bar tsimi su koma gini.