Shin Ko Kun San? Ƙibar da Ba ta Tuwo Ba Ce

Shin ko kun san akwai mai lulluɓa da mayafi saboda sanyi a Haɗejiya cikin watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa? In ga jin sanyin, ga kasala, ga kaushin fata da zubewar gashi, jiki kuma na ta nauyi alhali ba a ƙara loma ko ɗaya ba, to a duba wuya. Ƙasa da maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai nauyin giram 20 ko kusa da haka, likitoci na ce mata tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke iza wutar jiki. Ranar da ta yi sanyi, komai sai ya koma tafiyar hawainiya: bugun zuciya, bayan gida, har tunani.

Mata wannan lalura ta fi kamawa, nesa ba kusa ba. Wasu ma cikin shekarar haihuwa take taso musu, kuma a nan ne abin ke damuna. Mai jego fuskarta ta kumbura, idanu sun yi luhu-luhu, 'yan barka na cewa "Ma sha Allah, jego ya karɓe ki," ita kuwa ko ɗaga tulu ya gagare ta. Daga baya sai a koma ce mata raguwa.

Shin ko kun san ƙibar da wannan lalura ke jawowa ba ta da yawa? Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta ce galibi tsakanin kilo 2 ne zuwa 5, kuma yawancinsa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Wanda ya ƙara kilo 20, to shinkafar fadamar Auyo da lemon kwalba da yawan zama su ma suna da hannu.

Ambaliya ba gonaki da gidaje kaɗai take ci ba. Ƙasar da ruwa ke yawan wankewa tana rasa sinadarin aidin, wanda tayirod ba ta aiki sai da shi, kuma mutanen Auyo, Kirikasamma da Guri sun ga ruwan 2020 da na 2022 da idonsu. In aidin ya yi ƙaranci, tsokar nan kan kumbura garin nemansa. Maƙoƙo ke nan. Kada kuma a ce ai muna da kifi. Tarwaɗa da karfasar kogin Haɗejiya abinci ne mai kyau, musamman ga mai son rage nauyi, amma kifin teku ne mai aidin da yawa.

Shi ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993, a 2005 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cika ƙa'idar. Sai dai gishirin da ke shanye a faranti cikin rana da laima yana rasa aidinsa. A sayi na leda, a zuba a gwangwani mai murfi. Babban mutum mikirogiram 150 yake buƙata a yini, mai ciki 250, kuma ba a ce a cika miya da gishiri ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya.

Gero fa? Bincike a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna yana ɗauke da abin da ke rage wa tayirod kuzari, musamman inda aidin ya yi ƙaranci. Ba na ce a bar fura ba ne, a dai riƙa haɗawa da wake, ganye da ƙwai.

Shin ko kun san ba kowane sanyin tayirod ne gishiri ke gyarawa ba? Akwai nau'in da garkuwar jiki ce ke afka wa tsokar, wanda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Gwajin jini mai suna TSH ke nuna an kamu. A fara tambaya a Babban Asibitin Haɗejiya, in ta kama a tura mutum Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Maganin ƙwaya ɗaya ce a yini, libotairoksin, amma tana da kishi. Da ruwa zalla ake shan ta, cikin ba komai, a jira minti 30 zuwa awa guda kafin a karya. Madara da awara suna hana ta shiga jini sosai, ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo kuwa sai an raba su da awa 4. Bayan sati 6 zuwa 8 a sake gwaji. Yawancin masu shan ta har ƙarshen rayuwa ne, kuma wadda ta samu ciki ta garzaya wurin likita, don sau da yawa sai an ƙara mata.

Ina roƙon 'yan uwa mata da babbar murya: kada a ninka ƙwayar nan don a rame. Ƙarshenta faɗuwar gaba ne, rashin barci da raunin ƙashi. Shayin rage tumbi da ake talla a waya shi ma bai san hanyar wuya ba.

Da azumi kuwa, ana iya shan ƙwayar rabin awa kafin sahur, ko lokacin kwanciya in an yi awa 3 rabon da a ci wani abu.