Yadda ƙwayar tarin fuka ke zille wa magani

Shirin namu na yau zai fara ne daga Birtaniya, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A lokacin an samu sabon magani daga Amurka mai suna streptomycin, wanda shi ne na farko da ya iya kashe ƙwayar tarin fuka. To amma baitulmalin Birtaniya ya yi ƙasa, dala ta yi wuya, ɗan kaɗan suka iya saye. Sai likitoci suka ce tunda ba zai ishi kowa ba, bari ƙuri'a ta raba. Marasa lafiya 107, aka rufe rabon kowa a ambulan. Mutum 55 suka samu allura, 52 kuma aka kwantar da su a gado kawai, don a wancan zamanin hutu shi ne magani.

A 1948 sakamako ya fito. Cikin wata shida, mutum 4 ne suka rasu a ɓangaren masu allura, 14 a ɗaya ɓangaren. Abin murna ne, ko shakka babu. Sai dai a cikin rahoton akwai wani lissafi mai tayar da hankali: daga mutum 41 da aka gwada majinarsu, 35 ƙwayar da ke jikinsu ta daina jin maganin. Ku sake ji, 35 cikin 41, a 'yan watanni.

Shin ƙwayar wayo ta koya? Ko alama. Rami ɗaya a huhun mai fama da cutar yakan ɗauki ƙwayoyi miliyoyi barkatai, kuma duk lokacin da ɗaya ta rabu biyu, tana iya yin ɗan kuskure wajen kwafar ƙwayoyin halittarta. Yawancin kurakuran ba su tsinana mata komai. Amma jefi-jefi akan dace da wanda ya toshe ƙofar da magani ke bi. Tun kafin a tsira allurar farko, irin waɗannan suna nan, 'yan ƙalilan. Aikin maganin kamar na rariya ne: gari ya zube, tsaki ya saura. Tsakin nan da ya saura shi zai hayayyafa ya cika huhu. Wannan shi ne zaɓin da Charles Darwin ya yi bayani, yana gudana a ƙirjin mutum guda.

Dalili ke nan da a yau ake fara jinya da haɗin magani huɗu, sannan a ci gaba da biyu daga cikinsu har a cika wata shida ba fashi. Da wuya ƙwaya ɗaya ta dace da kurakurai huɗu lokaci guda.

Yanzu ga inda labarin ya fi ban mamaki. Akwai na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma tana nan a asibitocinmu da dama. Tana duba wani ɗan gajeren yanki mai haruffa 81 a ƙwayoyin halittar cutar, inda kusan duk kurakuran da ke karya lagon maganin rifampicin suke taruwa. Kusan duka fa, ba duka ba. A ƙasar Eswatini, masu bincike sun gano cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka gagari manyan magunguna, nasu kuskuren yana can waje da yankin da na'urar ke leƙawa. Na'ura ta ce rifampicin zai yi aiki, likita ya rubuta maganin da ba zai yi aiki ba, mara lafiya ya koma gida yana tari cikin iyalinsa. Wato gwajin da kansa ya taimaka wa wannan nau'in ya bazu, har aka riske shi a Afirka ta Kudu.

Lokaci na hararar mu, amma a taƙaice: mu ma a Afirka ta Yamma muna da namu dangin cutar, Mycobacterium africanum, wanda aka fara bayyanawa a Dakar a 1968. Ana samunsa a Najeriya da Ghana da Gambiya, ba kasafai yake kafuwa a wata nahiya ba, kuma masana na ta muhawara kan ko ya saba ne da jikin mutanen yankin.