Me ya sa tsohuwar tabar Kyuba ke da ɗan karen tsada?

A shekarar 2023, a wani gwanjo da aka yi a birnin Havana na ƙasar Kyuba, an sayar da akwatin taba guda ɗaya a kan yuro miliyan 4 da dubu 200.

Abin da ke cikinsa ita ce tabar nan mai kauri da ake naɗawa da hannu, samfurin Cohiba. Ba ta da takarda ko audugar tacewa kamar sigarin da aka saba gani. Ganye ne zalla, ciki da waje.

Irin wannan taba ta zama abin ƙasaita a wurin masu hannu da shuni. A yankunan noman inabi, kamar kwarin Napa a jihar Kalifoniya ta Amurka da Bordeaux a Faransa, wasu otal-otal kan haɗa wa masu zuwa hutu abu biyu: ɗanɗana tsohuwar giyar inabi, da kunna tsohuwar taba da yamma.

Dalilin haɗa su kuwa shi ne, hanya ɗaya ake bi wajen yi musu kuɗi: a wace ƙasa aka shuka, kuma shekara nawa aka yi ana ajiye.

Shekaru ake saya

Ganyen da ya fi suna ana noma shi ne a yankin Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Rio da ke yammacin Kyuba.

Bayan an tsinke shi, akan rataye shi a rumfunan katako har kusan kwana 50, ya bushe a inuwa. Daga nan sai a jibge shi tuli-tuli, ya yi gumi da zafin kansa. Wannan gumin ne ke fitar da gafi da warin da ke shaƙe maƙogwaro.

Sannan a ɗaure shi dami-dami a ajiye, wani ganyen shekara 1, wani 2 ko fiye, kafin ya kai hannun mai naɗi. Bayan naɗin ma, wanda ya saya kan sake ajiye ta shekara 5, ko 10, ko fiye, cikin akwatin katako mai riƙe laima kusan kashi 70 cikin 100.

Wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. A ƙasar Kano laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin hunturu. Da za a bar irin wannan taba a fili a Rano a watan Janairu, ba za ta jima ba sai ta bushe ta tsattsage.

Siyasa ma ta ƙara mata farashi. A watan Fabrairun 1962 Shugaba John Kennedy ya haramta shigar kayan Kyuba cikin Amurka. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya bayyana daga baya cewa sai da shugaban ya sa ya sayo masa kara 1,200 kafin ya sa hannu. Tabar da aka naɗa kafin wannan takunkumi tana daga cikin mafi tsada a gwanjo, domin kullum raguwa take yi.

Lokacin da tabar Katsina ta yi suna

Ba Kyuba kaɗai ta taɓa yin suna da ganyenta ba. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da zai bar Katsina zuwa Timbuktu a 1853, ya yi guzurin tabar Katsina, domin a cewarsa har can ana darajanta ta.

Sai dai Bahaushe bai bi hanyar naɗi da ajiyar shekaru ba. Yakan daka busasshen ganyen da kanwa ya zuba a batta, ya riƙa shaƙa ko ya sa a baki, ko kuma ya cika lofe ya busa. Mata kuwa kan goga furen taba da goro don rina haƙora. Dattawan ƙauyukan Rano da Kibiya, irin su Zinyau, ba sai an yi musu bayanin wannan ba.

Da kamfanonin Turawa suka shigo, sai harkar ta karkata ga sigari. Kamfanin Taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, manomi ya koma mai kai ganye sikeli a biya shi. Kyuba ta riƙe sunan ƙasarta tana sayar da shi. Sunan Katsina kuwa bai hau kan kwalin kowa ba.

Giya haram, taba fa?

Ga mai karatu Musulmi, rabin wancan hutu ba ya buƙatar muhawara, domin haramcin giya a fili yake. A jihar Kano ma, wadda ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, hukumar Hisbah kan farfasa kwalaben giya a bainar jama'a.

Taba ce malamai suka daɗe suna saɓani a kanta. Shehin malamin nan na Timbuktu, Ahmad Baba, ya yi fatawa a 1607 cewa ba haram ba ce, tunda ba ta gusar da hankali. Daular Masina ta Shehu Ahmadu kuwa ta hana ta a ƙarni na 19.

A yau malamai da dama na haramta ta ne bisa hujjar cutarwa, hujjar da likitoci suka tabbatar ɗaruruwan shekaru bayan Ahmad Baba.

Tsufa ba ya rage illa

Masu shan tabar Kyuba kan ce ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki kawai suke juya shi. Likitoci dai na cewa wannan ba kariya ba ce, domin baki da harshe da maƙogwaro su ne hayaƙin ke fara taɓawa.

Kara ɗaya babba na iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Haɗa taba da giya kuwa na ninka haɗarin kamuwa da sankarar baki da ta maƙoshi, fiye da yadda kowace ke yi ita kaɗai. Ajiyar shekara 20 kan gyara ɗanɗano, amma ba ta mai da hayaƙin marar lahani.

Abin mamaki, kuɗin gwanjon na Havana ana zuba su ne a harkar kiwon lafiyar Kyuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shan ta suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ne.

A 2007 gwamnatin Kano na cikin waɗanda suka kai manyan kamfanonin taba ƙara, suna neman diyyar kuɗin jinyar masu sha. A 2015 kuma Najeriya ta kafa dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai.

Sai dai har yanzu, a tashoshin mota da bakin kasuwanni, kara ɗai-ɗai mai tebur ke miƙo ta.